Awon Kwamfuta da Tsinken Tsintsiya

Ranar Asabar ce, a makon farko na watan Nuwamba, wajen ƙarfe goma na hantsi. Mu huɗu ne a barandar gidan da ke jikin namu a Birnin Gwari: mai gidan, wadda duk unguwar ke kira Mama, da babban ɗanta da ya zo daga Abuja, da hedimastan firamaren unguwarmu riƙe da takardu a hammata, sai ni. A kan tebur akwai kwamfutar cinya da na kawo daga Kaduna ranar Juma'a, ba a buɗe ta ba tukuna. An riga an gama magana. Idan Mama ta iya buga tambayoyin jarrabawar wannan zango a kanta, za ta ci gaba da zama a gidanta. Idan ta kasa, ranar Litinin za ta bi ɗanta, a rufe gidan.

Mama ba ita ta haife ni ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, gajeriya, wadda mahaifiyata ke miƙa garwashi ta samanta. Ita da mijinta sun zo daga kudancin Kaduna tun ba a haife ni ba. Shi ma'aikacin gandun daji ne, ita kuma tana buga tafireta a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da ya rasu, a nan aka binne shi, bayan cocinsu. Da ta yi ritaya sai ta sayi tsohuwar tafireta, ta kafa ta a baranda, makarantu suka riƙa kawo mata tambayoyin jarrabawa tana bugawa.

Da ƙarar tafiretar nan na girma. Idan ƙarshen zango ya matso, tun da safe ake fara jin ta, kamar ruwan sama a kan kwano, sai ƙaramar ƙararrawa ta kaɗa a ƙarshen layi, hannun hagun Mama ya tashi ya ture ƙarfen da ke maido da takarda. Malamai kan zo a kan babura daga Tabanni da Kazage da Dogon Dawa, tambayoyinsu a cikin leda saboda ruwa, wani da doya a bayan babur, wani da kwalbar zuma. A lokacin mutum kan ratsa dajin shi kaɗai, ya tsaya ya tsinki ɗinya, ba ya waiwaye. Sukan zauna a benci suna jira, suna gardamar wanda yaransa suka fi ƙoƙari, Mama kuma tana gyara musu Turancinsu ba tare da ta gaya musu ba.

Da na gama sakandare mahaifiyata ta tura ni wurinta in koyi bugu, kada in zauna haka. Ranar farko ta ɗora yatsuna a layin tsakiya, ta kwance kallabinta ta rufe hannuwana da shi.

"Idonki a kan takarda," in ji ta. "In na ga kin leƙa ƙarƙashin kallabin nan, biron nan zai gaishe ki."

Ya gaishe ni sau da yawa. Idan yatsuna suka gaji sai mu canza wuri, ni in karanta, ita ta buga. "Ki daina gudu, 'yata, ba wanda ya biyo ki. Inda aka sa waƙafi ki numfasa." Shekaru bayan haka na sami aiki a gidan rediyo a Kaduna, kuma har yau a inda ta nuna mini nake numfasawa.

Abubuwa sun riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya, ba da gaggawa ba. Mai gyaran tafireta da ke zuwa daga Kaduna ya daina zuwa da hanya ta ɓaci saboda 'yan bindiga. Ƙyallen tawada ya yi wuyar samu, har ta koma shafa wa tsohon tawadar hatimi. Malaman ƙauyuka da yawa suka dawo cikin gari, wasu makarantun suka rufe. Waɗanda suka rage suka ce yanzu a kwamfuta ake so, a kai shago a fitar. Yanar ido ta fara rufe mata gani, har ba ta iya karanta rubutun hannun malamai sai an karanta mata. Daga ƙarshe ƙarfen wani baƙi ya karye a cikin injin, aka rasa mai haɗa shi.

Ɗanta ya aiko mata da kwamfuta sabuwa fil, ƙarama, fara, mara nauyi. Mako guda ta yi tana fama da ita. Maɓallan a matse suke, a shafe kuma, yatsa ɗaya kan danna biyu lokaci guda. Ta mayar da ita cikin kwalinta ta ce wannan faranti ce. Shi kuwa ya ɗauki abin a matsayin shaida cewa aiki ya ƙare, ya gyara mata ɗaki a gidansa. Ba mugunta ba ce. Duk wanda ke da tsohuwa a garinmu a shekarun nan ya san yadda gabansa ke faɗuwa idan waya ta yi ƙara.

Mama ba ta taɓa cewa saboda kabarin mijinta ne take ƙin tafiya ba. Abin da take cewa shi ne, "In je in yi me a saman bene? In zauna ina kallon talabijin ɗin da ba na gani?"

A watan Oktoba na je gida sunan ɗan ƙanwata. Washegarin suna Mama ta kira ni ta kan katanga. Na same ta zaune gaban matacciyar tafiretar, da tsintsiya a cinya. Ta zare tsinke ɗaya, ta shimfiɗa shi a layin tsakiya, daga inda ƙaramin yatsan hagu ke zama zuwa inda na dama ke zama, ta karya shi daidai wurin. Ta zare na biyu, ta ɗora hannun dama yadda ya saba zama, ta miƙa ƙaramin yatsa iyakar inda zai kai ba tare da hannun ya tashi ba, ta karya.

"Kin tuna yadda uwarki ke auna ƙafarku in Sallah ta zo?"

Na tuna. Mahaifiyata kan tsayar da mu a tsakar gida, ta ɗora kara a gefen ƙafar kowa ta karya, mahaifinmu ya zuba karan a aljihu ya tafi kasuwa. Ba a kai yaro wurin mai takalmi. Takan ƙara ɗan tsawo kaɗan, saboda takalmin ya kai wata Sallar.

"To haka za ki yi mini, ki nemo mini wata kwamfutar a Kaduna," in ji Mama. "Dogon nan faɗin hannuwana ne. Gajeren nan, daga ƙarshensa nake so in sami maɓallin sauka layi, kuma babba, ba siriri irin na farantin can ba. Amma kar ki ƙara mini ko kaɗan, ni na gama girma."

"Mama, ba ki ce komai a kan batir ba, ko ƙwaƙwalwarta."

"Wannan ku kuka sani. Ni dai in na danna, ya nutse, ya dawo ya taɓa ni. In bai dawo ba, ki bar musu kayansu."

Ta naɗe tsinkayen a cikin yagaggen kwalin sukari, ta ɗaure da zare. Ta ba ni abin da ta tara, na ƙara abin da zan iya. Duka-duka bai wuce kuɗin ta gwanjo ba, ta gwanjon ma ta ƙasa-ƙasa.

A Kaduna na shiga layin masu kwamfutocin gwanjo wata Laraba bayan na tashi daga aiki. Kowane shago da irin kirarinsa. Wannan batirinta yini guda, wannan daga ofishin banki ta fito a Turai, wannan ko sau ɗaya ba a taɓa buɗe cikinta ba. Nakan saurara har su gama, sannan in kwance zare in fito da tsinke.

"Hajiya, sakace za ki yi mata?" in ji wani.

"A'a, turare za ta kunna mata," in ji maƙwabcinsa. "Sabon salo ne, ba ka da labari."

Ƙananan duk sun faɗi, tsinken kan zarce har ya hau wani maɓalli. Manyan da suka yi daidai, ko dai maɓallansu a shafe suke kamar an zana su, ko kuma kuɗinsu ya fi ƙarfina. A nan na fara lura da abin da ban taɓa kulawa da shi ba duk shekarun da na yi ina bugu a ofis. Na Amurka maɓallin sauka layinsu kwance yake, siriri. Na Ingila tsaye yake, mai faɗin kai. Waɗanda suka biyo ta Dubai da baƙaƙen Larabci a gefen na boko. Masu saye suna ta tambayar ƙarfin inji, ba wanda na ji ya tambayi inda yatsansa zai sauka.

A wani shago can ƙarshen layi, mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya yi dariya kamar sauran, sannan ya karɓi tsinken ya juya shi a hannu.

"Awo ne ke nan. Allah Ya jiƙan tsohuwata, haka take mana. Na wane ne?"

Na gaya masa. Ya durƙusa ya jawo wata daga ƙasan kanta, baƙa, mai kauri, da nauyi kamar dutsen niƙa. Ya hure ƙurar da ke kanta.

"Wannan 'yar Kwatano ce, ta ƙasar Faransa. Lafiyarta ƙalau. Amma duk wanda ya buɗe ya ga baƙaƙen sai ya rufe. Ta daɗe a nan, har na daina fito da ita."

Na buɗe. A yana sama, inda Q ya kamata ya zauna. Z ya karɓi wurin W. M ya baro layin ƙasa ya koma kusa da L. Na shimfiɗa dogon tsinken, ya kwanta daidai, bai rage ba bai zarce ba. Na ɗora gajeren, ƙarshensa ya sauka a tsakiyar maɓallin sauka layi, babba, tsaye. Na danna wani maɓalli, ya nutse, ya dawo ya taɓa ni.

Na san daga wurin aiki cewa abin da aka rubuta a kan maɓalli fenti ne kawai, ana iya gaya wa kwamfuta ta bi jerin Ingilishi. Dattijon ya shiga ciki ya canza. Yanzu idan aka danna inda aka rubuta A, q ne ke fitowa. Ga mai kallon maɓallai, wannan hauka ne. Na so in kira Mama in tambaye ta, amma lokacin an katse layukan waya a yankinmu, ba yadda zan same ta. Na tsaya a shagon ina kallon abin. Sai na jawo bakin gyalena na rufe hannuwana, na buga layin farko da ta koya mini, wanda ba shi da babban baƙi ko ɗaya. Ya fito daidai. Na biya.

Ranar Juma'a na bi ayarin safe. Mun jira rakiyar sojoji, sannan motoci suka jeru suka shiga daji. Ba mai hira a irin wannan tafiya. Kwamfutar tana kan cinyata, naɗe da zane. Ta taga na riƙa ganin gonakin dawa da suka nuna, wasu an girbe, wasu ba a ga alamar mai su ba.

To, shi ne muka taru ranar Asabar ɗin. Ɗan Mama, wanda nake kira Yaya tun ina ƙarama, shi ya ɗaga murfin. Ya duba, ya matso da fuska, ya sake dubawa.

"Ƙanwata, wa ya sayar miki da wannan?"

"Wani dattijo ne, Yaya."

"Dattijon banza dai. Ba ki ga baƙaƙen ba? An cuce ki da rana tsaka. Malam, zo ka gani."

Hedimasta ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya leƙa. "Lallai kam. Wannan ko 'yan aji ɗaya ba za su yarda da jerin nan ba."

"Ku gama kallon," in ji Mama, "in kun ƙoshi ku ba ni."

Ta sa aka zuba mata ruwa ta wanke hannu ta goge, yadda take yi kullum kafin ta taɓa inji. Ta zauna, ta gyara kujera, ta bi gefen kwamfutar da tafin hannu, ta sami layin tsakiya, yatsunta suka zauna. Ta miƙa ƙaramin yatsan dama, ya sauka a kan babban maɓallin. Ta ɗan gyaɗa kai.

"Karanta, 'yata."

Na karɓi takardun daga hannun hedimasta. Tambayoyin aji huɗu ne, a kan amfanin gona. Na fara karantawa, ta fara bugawa. Ƙarar ba irin ta da ba ce, ta fi taushi, amma tafiyar yatsun ita ce. Da ta kai inda take jin ƙarshen layi ne, hannun hagunta ya tashi da kansa ya kai duka inda ƙarfen tafireta yake a da. Babu ƙarfe a wurin, sai kofin shayin hedimasta. Kofin ya yi tsalle ya faɗa ƙasa.

"Subhanallahi! Mama, ni na zo da zaman lafiya!"

"Wa ya ce ka ajiye shi a hanyata? Ina ƙararrawar kuma?"

Na ce mata babu ƙararrawa, da kanta take sauka in layi ya cika. Ta ce to, amma bai kamata a yi abu ba sallama ba. Duk muka yi dariya, har da Yaya. Sai dai da ya zagayo bayanta ya dubi gilashin kwamfutar, dariyar ta tsaya. Ni ma na duba. Kalmomin daidai suke, amma duk inda babban baƙi ya kamata ya zo daga hannun hagu, bai zo ba. Sai wata karkatacciyar sanda, sannan ƙaramin baƙi. Haka daga sama har ƙasa.

Yaya ya dafa kafaɗarta. Muryarsa ta yi ƙasa. "Mama, ya isa. Kin yi ƙoƙari. Ba laifinki ba ne."

Hedimasta ya fara tattara takardunsa a hankali, yana kallon wani wuri. Ni kuwa na gane inda aka samu matsala. Tsinkayen sun auna tsakiya da dama, ba su auna hagu ba. A irin wannan jeri na Turai, maɓallin manyan baƙaƙe na hagu gajere ne, an yanki rabinsa an dasa wani ƙaramin maɓalli a wurin. Yatsan Mama yana sauka inda ya saba sauka shekara da shekaru, sai ya tarar da wani abu dabam. Na faɗa mata haka.

Ta ɗauke hannun Yaya daga kafaɗarta, ba da faɗa ba. Ta sa ƙaramin yatsan hagu ta shafa wurin, gaba da baya.

"Ashe baƙo aka saukar mini a nan. Ba wanda ya gaya mini. Ɗauko mini kyandir a kan tagar ɗakina, da ashana."

"Mama, me za ki yi da wuta kusa da kwamfuta?" in ji Yaya.

"Kai dai ɗauko."

Ya ɗauko. Ta sa ni na kunna, ta ce in ɗiga narkakken a kan tsinken ashana, in ɗora ɗigo ɗaya a tsakiyar baƙon maɓallin. Yaya yana tsaye yana cewa za a ƙona ta, hedimasta yana cewa a dai yi a hankali. Ɗigon ya daskare nan da nan, ya zama ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero. Mama ta taɓa shi, ta wuce shi zuwa maɓallin da ke bayansa, ta dawo, ta sake wucewa. Ta yi haka har sai da yatsan ya daina tsayawa.

"Goge wancan duka. Koma daga farko. Kuma ki daina gudu."

Na koma daga farko. A layukan farko tana ɗan jinkirtawa kafin kowane babban baƙi, kamar mai tsallake kwata. Sau biyu ta taka baƙon, ta ji ƙullutun, ta ce "a'a" da kanta, ta goge. Daga tambaya ta biyar jinkirin ya ɓace. Na riƙa karantawa ina numfasawa a waƙafi, tana biye da ni, hannun hagun yana ɗan motsawa a ƙarshen layi sannan ya fasa. Mahaifiyata ta leƙo ta kan katanga ta tsaya tana saurare. Wata mai tallan gyaɗa ta tsaya a ƙofar gida, ta ce ta ɗauka an daina wannan aiki a nan.

Da muka gama shafin, hedimasta ya zauna ya bi shi layi-layi da yatsa. Ya sami wuri ɗaya da ta sa ƙaramin l a madadin lamba ɗaya, al'adar tsofaffin tafiretoci da ba su da wannan lamba. Ya ce a takarda ba yaron da zai bambance. Ya sami wani wuri kuma da abin da ke gilashi ya saɓa da abin da ke takardarsa, ya duba da kyau, ya ciro biro ya gyara takardarsa.

"Saura aji biyar da aji shida, Mama. Yaushe zan turo malamansu?"

"Litinin da safe. Kowa ya zo da bakinsa, shi zai karanta mini. Kuma kowa ya riƙe kofinsa a hannu."

Yaya ya matso kusa da teburin. Ya jawo kwamfutar gabansa, ya ce bari ya gwada da kansa. Ya sunkuya yana neman baƙaƙe da yatsa biyu, yadda yake yi a ofis. Ya danna inda ya ga A, q ya fito. Ya nemi M, ya danna, wata alama ta fito. Ya gwada rubuta sunan garinmu, abin da ya fito bai yi kama da sunan ko'ina ba. Ya ture ta.

"Ni kam ba zan iya da wannan ba."

"Ai ba kai aka auna ba," in ji Mama.

Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu, ya tambaye ta ko batirin solar gidan yana riƙe wuta, ko a canza shi kafin ya tafi. Ta ce a canza. Da la'asar ya tafi kasuwa ya sayo.

Ranar Litinin ya bi ayarin safe shi kaɗai. Bayan shekara guda aka yi wa Mama aikin ido ɗaya a Kaduna, ta dawo tana gani. Da ta zauna gaban kwamfutar ta ga baƙaƙen da idonta, suka rikita ta har ta kasa buga layi guda, sai ta kwance kallabi ta rufe hannuwanta. Haka take bugawa har yau.